Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Neman Tsuntsu Mai Bakin Cokali A Gaɓar Tekun Tailan

A cikin dukkan abubuwan da mutanen wannan zamani suka mayar abin sha'awa, da wuya a sami wanda Bahaushe zai yi wa kallon rashin aikin yi kamar kallon tsuntsaye. Mutum da hankalinsa da iyalinsa ya tashi tun asuba, ya rataya madubin hangen nesa a wuya, ya tafi bakin ruwa ya tsaya awa huɗu yana kallon abin da ba zai kama ba, ba zai yanka ba, ba kuma zai kai kasuwa ba. Duk wanda ya faɗi haka a majalisa, tambayar farko da zai sha ita ce, "To Malam, ko danƙo ba ka riƙe ba?" Sai dai ina so in nuna wa mai karatu cewa akwai wani ɗan tsuntsu a duniyar nan wanda ci gaban jinsinsa kacokan ya rataya a wuyan irin waɗannan mutane, da kuma iyawarsu ta bambance shi daga dubban tsuntsayen da suka yi kama da shi.

Tsuntsun da nake magana a kai yana cikin dangin da za mu iya kira tsuntsayen gaɓa, wato ƙananan tsuntsayen nan masu siraran ƙafafu da ke kiwo a cikin laka da ruwa marar zurfi. Tsawonsa santimita 14 zuwa 16 ne, nauyinsa kuwa wajen giram 30, ka ga ke nan bai fi gwara girma da wani abin kirki ba. Abin da ya raba shi da kowane tsuntsun gaɓa a duniya shi ne bakinsa, wanda ƙarshensa ya baje ya yi faɗi kamar kan cokali. Kusan duk al'ummar da ta raɗa masa suna, da wannan baki ta kira shi. Mutanen Sin da na Tailan da Turawan Ingila duk sun ce bakin cokali ne, Rashawa kuma suka ce shebur ne. Tunda bai taɓa sauka ƙasar Hausa ba balle ya sami suna a wurinmu, bari mu bi sahun masu rinjaye mu kira shi mai bakin cokali.

Wannan baki ya ruɗi hatta masana. A shekarar 1758, Carl Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin da ya kafa tsarin sunayen halittu na kimiyya, ya kira shi Platalea pygmea, wato ya sa shi cikin dangin wasu manyan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da faffaɗan baki, masu kama da balbela, ya ɗauka wadansu ne. Sai daga baya aka gane ba su haɗa komai ba in ban da siffar baki. A yau sunansa Calidris pygmaea, yana tare da 'yan'uwansa na haƙiƙa, ƙananan masu kiwo a laka. Tun daga ranar da aka fara rubuta sunansa ke nan, tarihin wannan tsuntsu yake tabbatar da zancen Hausawa cewa kama da wane ba wane ba ne.

Mai bakin cokali yana yin sheƙa ne a can ƙuryar arewa maso gabashin Rasha, a yankin Cukotka da arewacin Kamcatka, a ɗan gajeren lokacin da ƙanƙara ke narkewa. Da sanyi ya kunno kai sai ya kama hanya, tafiyar da ta kai kilomita 8,000, ya bi gaɓar gabashin Asiya har ya sauka kudancin Sin da Biyetnam da Tailan da Miyanma da Bangaladash. Tsuntsu mai nauyin giram 30 ba zai iya wannan tafiya a tashi ɗaya ba, dole sai ya ya da zango ya ci ya yi ƙiba, kamar yadda ayarin fatake ba ya ƙetare hamada sai da rijiyoyi a hanya. Babban zangonsa shi ne filayen lakar da ke gaɓar Tekun Rawaya, tsakanin Sin da Koriya, waɗanda teku ke rufewa idan ta cika, ta buɗe idan ta janye.

A nan ne matsalar ta faro. Ƙasashen yankin sun shafe shekaru suna datse waɗannan filaye suna cike su da ƙasa domin gina tashoshin jiragen ruwa da masana'antu da gonaki. Misali mafi girma shi ne na Saemangeum a Koriya ta Kudu, inda a shekarar 2006 aka rufe wata katanga mai tsawon kilomita 33 a cikin teku, ta raba kimanin murabba'in kilomita 400 da cikar teku da janyewarta, alhali wurin yana cikin manyan zangunan wannan tsuntsu. A can kudu kuma, musamman a mashigin tekun Mottama na Miyanma, talakawan mafarauta suna kafa raga domin manyan tsuntsayen da za su sayar, sai ƙananan su faɗa ciki. A shekarun 1970 an ƙiyasta akwai tagwai masu sheƙa, wato mace da namiji, tsakanin 2,000 da 2,800. Zuwa 2010 ƙiyasin ya faɗo tsakanin 120 da 200. Tun a 2008 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sa shi a matakin ƙarshe kafin ƙarewa.

Ni dai sana'ata koyar da kimiyyar harshe ce a jami'a, kuma abin da ya fara jan hankalina ga tsuntsaye sunayensu ne, tun lokacin da nake tattara kalmomi daga bakin masunta da manoman fadama a ƙasar Haɗejiya. Mai neman sanin abin da suna ke nufi dole ya ga mai sunan, daga nan ne madubin hangen nesa ya shiga jakata bai sake fita ba. Saboda haka da wani taron masana harshe ya kai ni birnin Bankok a watan Janairun 2024, sai na ware kwana ɗaya domin in je wani ƙauye da ake kira Pak Thale, a lardin Phetchaburi, tafiyar awa biyu zuwa uku a mota kudu maso yamma da birnin. Masu kallon tsuntsaye na duniya sun san wannan ƙauye a matsayin ɗaya daga cikin wuraren da aka fi sa ran ganin mai bakin cokali. Ko sunan ƙauyen ma ya ishi ɗalibin harshe abin nazari, domin a harshensu pak baki ne, thale kuma teku. Bakin teku ke nan, daidai yadda Bahaushe ya ara wa teku baki.

Wurin ba rairayin shaƙatawa ba ne. Gonakin gishiri ne, fage-fage masu kusurwa huɗu da aka raba da kunyoyin laka, ana shigo da ruwan teku a bar rana ta ƙafar da shi, kwatankwacin yadda ake yi a ramukan gishirin Balma, sai dai waɗannan shimfiɗaɗɗu ne iya ganinka. Idan teku ta cika ta rufe lakar gaɓa, sai tsuntsaye su taso su sauka a fagagen da ruwansu bai wuce idon sawu ba, su huta, su ci gaba da kiwo. Mun isa da hantsi ni da jagorana, wani matashi ɗan yankin wanda ke kirana Ajan, wato malam a harshensu. Leburori na can nesa suna tara gishiri tsibi-tsibi, fari fat, ba su ko ɗaga kai sun dube mu ba, da alama sun saba da baƙi masu na'urori.

Abin da na tarar a fagen farko ya isa ya karya gwiwar kowa. Tsuntsaye ne dubbai, kusan dukkansu ƙanana, toka-toka a sama, fari a ƙasa. A lokacin sheƙa mai bakin cokali yana da kai da wuya ja kamar jan bulo, amma a lokacin sanyi duk wannan ado yakan zube, ya koma launin toka irin na kowa. Mafi yawan waɗanda ke gabanmu wani ɗan'uwansa ne da ake kira mai jan wuya, Calidris ruficollis, wanda girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, ƙafafunsu baƙaƙe iri ɗaya. A cikin wannan taro, masu bakin cokalin da ke sauka Pak Thale a shekara ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Allura ce cikin ruwa.

Mai karatu zai ce ai abin da sauƙi, a duba baki kawai. To, a nan gizo ke saƙa. Faɗin bakin daga sama ko daga gaba ake ganinsa. Idan tsuntsun ya ba ka gefe, cokalin yakan ɓace, sai ka ga baki ne kamar na kowa, illa ɗan kauri a ƙarshe. Ga shi kuma yawancin lokaci bakin yana cikin ruwa, ko yana soke cikin gashin baya idan tsuntsun na barci. Daɗin daɗawa, mai jan wuya yakan ɗago baki da ɗan dunƙulen laka ko ɗigon ruwa a maƙale, daga nesa ka rantse cokali ne. Jagorana ya ce da ni, "Ajan, kada ka nemi baki tukuna. Nemi wanda ya fi sauran fari, wanda kuma yake cin abinci ba irin cinsu ba."

Wannan magana ta tuna mini darasin da nake koya wa 'yan aji ɗaya a kan zubin kamantau, wato kalmomi biyu da suka yi daidai a komai in ban da abu guda, kuma abu gudan nan ya sauya ma'ana. Kafa da ƙafa, bari da ɓari, ko kuka na hawaye da kuka ta miya, waɗanda karin sauti kaɗai ya raba. Baƙon da bai san Hausa ba yakan ji su ɗaya, domin kunnensa bai koyi inda zai saurara ba. Bahaushe kuwa ko a cikin hayaniyar kasuwa ba ya ruɗewa, saboda ba sautin kaɗai yake dogara da shi ba, har da muhallin da kalmar ta fito. Haka nan idon mai kallon tsuntsaye. Bakin shi ne ƙugiyar da ke kan harafi, amma kafin ka kai gare ta akwai alamomin muhalli da za su rage maka dubu su koma goma. Mai bakin cokali ya fi mai jan wuya farin goshi da farin gira, kansa ya ɗan fi girma, ƙirjinsa fari tas. Mai jan wuya yakan tsattsaga laka yana ɗagowa yana gudu nan da can, shi kuwa wancan yakan dukar da kai cikin ruwa ya yi ta tafiya a haka, bakin na motsi da sauri kamar allurar keken ɗinki, wani lokaci yana kaɗa shi dama da hagu.

Muka kafa na'urar hangen nesa mai ƙafa uku, muka shiga bin garken daga hagu zuwa dama, tsuntsu bayan tsuntsu, kamar mai duba takardun jarrabawa. Fage na farko babu, na biyu babu. Sau biyu wani abu ya firgita su suka tashi gaba ɗaya, suka yi shawagi suka sake sauka a cakuɗe, aikin ya koma farko. Rana ta take, hasken da ke tashi daga ruwa da gishiri yana sa ido hawaye. Sai wajen awa uku da fara nema, a fage na huɗu, idona ya tsaya a kan wani da ke gefen garke, cikin ruwan da ya kusa taɓa masa ciki. Ya fi na kusa da shi haske, kuma tun da na sa masa ido bai ɗago kai ba.

Na kira jagorana ya duba, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ya yi kama. Mu jira ya juyo." Wannan jira shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Alamomi uku sun riga sun taru, wato fari da girman kai da salon kiwo, kuma zuciya tana ta raɗa mini cewa shi ne, domin na yi doguwar tafiya kuma gobe zan bar ƙasar. Amma alamomin nan uku zato suke ƙarfafawa, ba su yanke hukunci. Muka bi shi da na'ura wajen minti goma yana ba mu gefe da baya. Can sai ya tsaya, ya ɗago, ya fuskanto mu sosai domin ya gyara gashin ƙirjinsa. Ga bakin nan baƙi, siriri daga tushe, ya baje a ƙarshe kamar an danna shi da yatsa. Ya sake juyawa, ya sake fuskantowa, siffar ba ta sauya ba, wanda ya nuna ba laka ba ce. Muka ɗauki hoto ta cikin na'urar, muka duba ƙafafunsa ko yana ɗauke da 'yar alamar roba mai lamba irin wadda masu bincike ke ɗaura musu, muka ga babu. Muka rubuta lokaci da wuri da adadi: guda ɗaya.

Me ya sa ake wannan tsanani a kan ɗan tsuntsu guda? Dalili shi ne, wannan "guda ɗaya" ba ta tsaya a littafina ba. Irin waɗannan rahotanni, daga Rasha har Bangaladash, su ake tarawa a fitar da adadin da ya rage a duniya, musamman ta hanyar kwatanta yawan masu alama a ƙafa da marasa alama. Idan masu kallo suka riƙa rubuta abin da suke fata a maimakon abin da suka gani, lissafin zai kumbura, hukumomi su saki jiki, tsuntsun ya ƙare alhali takarda na cewa yana nan.

Wannan ba tsoro ne na banza ba, domin akwai wani tsuntsun gaɓa da ya riga ya tafi. Shi ne Numenius tenuirostris, mai dogon baki siriri lanƙwasasshe, wanda ke sheƙa a Saiberiya yana cin sanyi a kewayen Bahar Rum. Shi ma yana da 'yan'uwa masu kama da shi ƙwarai. Ganin ƙarshe da babu jayayya a kansa an yi shi ne a dausayin Merja Zerga na ƙasar Maroko a watan Fabrairun 1995. A watan Mayun 1998 aka ga wani tsuntsu a Druridge Bay da ke arewa maso gabashin Ingila, aka ce shi ne. Kwamitocin tantancewa na Birtaniya suka amince a 2002, amma bayan sake nazarin hotuna da bayanai suka janye amincewar a 2013, suka ce hujjar ba ta kai ba. A watan Nuwamban 2024 masana suka wallafa binciken da ya nuna jinsin ya ƙare, IUCN kuma ta tabbatar da haka a watan Oktoban 2025. Shekara goma sha biyar ana muhawara a kan tsuntsu ɗaya, domin amsar ita ce za ta nuna ko jinsin yana raye a wannan shekara ko babu tabbas.

Shi kuwa mai bakin cokali ya yi sa'a an farga da sauran lokaci, kuma ƙidaya ce ta fargar. Da lissafi ya nuna yana raguwa da kimanin kashi 26 cikin ɗari a kowace shekara a shekarun 2000, sai aka tashi tsaye. A Miyanma da Bangaladash an zauna da mafarauta, aka taimaka musu da jarin wasu sana'o'i kamar su da kiwo, suka ajiye raga. A 2011 aka kai tsuntsaye 13 cibiyar Slimbridge ta Ingila domin a gwada kiwonsu a killace. Daga 2012, a ƙauyen Meinypilgyno na Cukotka, aka fara ɗebe ƙwai daga sheƙa ana ƙyanƙyashe su a na'ura, a reni 'ya'yan har su iya tashi sannan a sake su, domin a tsallakar da su daga dila da sauran maɓarnata. A 2018 gwamnatin Sin ta taƙaita cike gaɓar teku, a 2019 kuma UNESCO ta sa filayen lakar Yancheng cikin wuraren gado na duniya. A Pak Thale ɗin ma, inda ake fargabar mayar da gonakin gishiri tafkunan kiwon jatan lande masu zurfin da ɗan tsuntsu ba zai iya tsayawa ciki ba, ƙungiyar kare tsuntsaye ta Tailan ta sayi wani yanki domin ya ci gaba da zama yadda yake. Duk da haka ba a tsira ba tukuna. Ƙiyasin da aka wallafa a 2021 ya ce manyan da suka rage kimanin 490 ne, kuma raguwar ta lafa ne kawai, ba ta tsaya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin mutanen nesa ne kurum. 'Yan'uwan mai bakin cokali na jini, irin su Calidris minuta da Calidris pugnax, suna tasowa daga arewacin Turai da Saiberiya kowace shekara, su ƙetare Sahara, su sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru da gaɓar Tafkin Cadi. Su ma zango suke nema, kuma namu zangon ya sauya tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga kuma kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko da Nijeriya ta sa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A nan ne nake ganin akwai aiki a gaban masana harshe da masana halittu baki ɗaya. Hausa tana da shamuwa da balbela da zalɓe da gauraka da dinya da kirinjijiya da zakaran ƙeƙuwa, kuma ƙamusun Bargery na 1934 ya adana sunayen tsuntsaye masu yawa waɗanda ɗalibanmu na yau ba su taɓa ji ba. Amma idan aka zo kan ƙananan baƙin nan masu launin toka, galibinmu sai mu ce 'yan tsuntsayen ruwa, mu wuce. Jinsi goma da suka taru a ƙarƙashin suna ɗaya, tara za su iya ɓacewa ba wanda ya yi cigiya. Masunta da manoman shinkafa da suka tsufa a fadama sun san bambance-bambancen da mu 'yan boko ba mu sani ba, kuma suna tafiya da saninsu ɗaya bayan ɗaya. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta riga ta horar da matasa masu ido, tana kuma jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya wanda 'yan sa-kai ke yi. Abin da ya rage shi ne sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibansu su bi waɗannan matasa zuwa fadama, wannan da madubi, wancan da na'urar ɗaukar magana, a zauna da dattawa a haɗa kowane suna da mai shi, inda babu suna kuma a ƙirƙira. Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa, kuma lokacinsa daga Nuwamba ne zuwa Maris, sa'ad da baƙin suke nan.